Ranar da Saƙar Zuma ta Narke

Mu uku ne a gidan a shekarar da abin ya faru: ni, da mai ɗakina, da yayata wadda ta goye ni tun ina jariri. Gidan yana bakin wani ƙauye arewa da Dogon Dutsi, a hanyar Matankari, shi ne na ƙarshe kafin gonaki. Na dawo cikinsa ne bayan shekaru masu yawa ina tuƙa babbar mota, daga Kwatano zuwa Abijan, daga Agadas zuwa can cikin Aljeriya. Yaya kuwa ta dawo bayan rasuwar mijinta, da ƙullin tufafinta da kaji huɗu a kwando. Gwiwoyinta sun riga sun ƙi ta. Daga ƙofar ɗakinta zuwa akurki taku goma ne ga mai lafiya, amma ita sai ta tsaya sau biyu a kan sanda kafin ta kai.

Kajin nan huɗu suka cika gida. Tana sa wa kaza mai kwanci ƙwan zabi, kazar ta ƙyanƙyashe su ta raine su kamar nata. Ta san wadda ke da rowa, ta san wadda ke satar ƙwai ta kai bayan rumbu. Saboda kajin ba ta taɓa roƙona goro ko sabulu ba, kuma idan baƙo ya sauka ita ce ke fara fita kunyarsa. Sai in ji muryarta daga cikin gida:

"Auta! Taho ka yanke mini wagga."

Ina da furfura har a gira, amma a bakinta ni Auta ne. Wuƙar da ta fi kowace kaifi a gidan tata ce, tana ƙarƙashin tabarmarta, ita ke wasa ta da kanta. Ita ke figa, ita ke feɗewa. Abu ɗaya ne ba ta yi, ba ta sa wuƙa a wuya. Nakan tsokane ta in ce a kasuwar Kumasi na ga mata suna yanka kaji tun safe har yamma, ko kallon wuƙar ba sa yi. Nakan ce ko samarin nan na sabon masallaci sun ce yankan mace halal ne, kuma malaman da na zauna da su a ƙasar Larabawa haka suka ce.

"Su ci abinsu," in ji ta. "Inna ba ta yanka ba, ni ma ba ni yankawa. Kai mi ne ne amfaninka cikin gidan ga, in ba wannan ba?"

Zuma kuwa tawa ce. Mahaifinmu yana da amya, irin wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe ta da kashin shanu, a ɗaure can saman gawo nesa da gari. Na so in yi irin tasa, amma ƙafar da ta shekara tana taka birki ba ta hawa gawo. Sai na tuna abin da na gani a arewacin Aljeriya, kusa da teku. Akwatunan katako ne jere a ƙasa, kowane da murfin ƙarfe, mai su yana buɗewa sanye da riga mai gajeren hannu, yana yi mini hira da Larabci, ƙudan zuman suna yawo a kan yatsunsa kamar tururuwa. Na zana wa wani kafinta a Dogon Dutsi, ya ƙera mini uku, ya rufe su da kwano. Na aza su a kan duwatsu bayan rumbu, a cikin danga, inda zan kai gare su ko da tsufa ya ƙara kama ni.

Maƙwabcina wani dattijon Bafillace ne, har yau yana rataye amyarsa a daji. Ya zo ya zagaya akwatunan, ya aza tafin hannunsa a kan kwanon, ya janye da sauri.

"Alhaji, wannan tanda ce ko gidan zuma?"

Na ba shi amsa da Fillanci, na ce mutumin da bai taɓa wuce garin Gaya ba ya bar maganar abin da bai gani ba. Ya yi dariya.

"Ban ga teku ba kam. Amma ƙudanmu ba na Larabawa ba ne, kuma ranarmu ba tasu ba ce. Ka yi musu inuwa."

Na kafa sanduna huɗu na shimfiɗa zana a kai. Ƙuda suka shiga akwati biyu. Shekarar farko muka sha zuma har muka kai wa dangi, Yaya tana lasar yatsa tana cewa ashe yawon duniyata bai tashi a banza ba.

A bazara ta biyu, ana cikin jiran ruwan fari, wata iska ta taso da asuba ta ɗauke zanar ta jefar bayan danga. Na gan ta da safe. Na ce in rana ta yi sanyi zan mayar. Ranar ba ta yi sanyi ba. Irin yinin nan ne da kaji ke buɗe baki su saki fukafukai, ko tsaba ka watsa ba su tashi.

Bayan azahar ina kwance a zaure, mai ɗakina ta tafi famfo, sai na ji wani ruri kamar babbar mota tana hawan tudu daga nesa. Kunnena ya san inji, sai da na ɗaga kai ina neman ta inda motar za ta ɓullo. Sai akuyarmu da ke ɗaure a turke ta yi wata ƙara da ban taɓa jin dabba ta yi ba.

Na leƙa tsakar gida. Sama ta yi duhu daga rumbu har madafa. Akuyar fara ce, amma kanta ya zama baƙi, tana tsalle tana faɗuwa, igiya tana shaƙe ta duk lokacin da ta zabura. Zabi sun tashi sun bi ta kan danga. Kaji ba su da wannan fiffiken. Suna gudu suna karo da bango, ƙudan suna binsu, suna liƙe musu a tukku da ido, duk inda babu gashi. Babban zakaran Yaya yana juyawa wuri ɗaya a ƙasa kamar an riga an yanka shi.

"Yaya!" na ƙwala. "Kina ina?"

"Ina ɗaki!"

"Saki asabari! Kada ki fito, ko me kika ji!"

Na ga asabarin ya sauka. Kafin in rufe baki sun same ni. Harbin farko a leɓe, sannan wuya, sannan ban ƙara ƙirgawa ba. An taɓa dukana da gindin bindiga a wani shingen hanya, wannan ya fi shi, domin babu wanda za ka ba haƙuri. Na koma zaure na turo ƙofar kwano. Na kashe waɗanda suka biyo ni da hula, na jawo tsohon bargon da nake tafiya da shi a mota, na fara neman ashana da busasshen kashin shanu don in yi hayaƙi. Hankalina a kwance yake ta wajen Yaya. Tana ɗaki, ɗakin da duhu, ƙuda ba sa son duhu.

Abin da ban sani ba, kaji biyu sun kutsa ta ƙarƙashin asabarin sun faɗi a gabanta. Ɗaya uwar garken ce, cikin huɗun da ta zo da su.

"Auta! Taho da sauri, suna mutuwa! Za su yi mushe!"

"Bar su su mutu!"

"Mushe fa, Auta! Cikin ɗakina!"

"To yanka su! Wuƙa tana wurinki! Ki ce bismillahi ki yanka, wallahi ya halatta!"

Na ɗauka ta ji. Ashana ta karye mini sau uku, yatsuna sun kumbura ba sa riƙe komai. Da ta huɗu ta kama, na sa ido a hujin ƙofa, sai na gan ta a waje.

Ta riƙe kajin biyu ta ƙafa da hannun hagu, sanda a dama, wuƙar a bakinta ta cije ƙotar. Daga ɗakinta zuwa zaure ya fi taku talatin. Kajin suna fuffuka, kuma babu abin da ƙudan ke bi kamar abin da ke motsi. Duhun nan da ke kan akuya ya taso gaba ɗaya ya sauka a kanta. Ta yi taku biyar ko shida. Ta ɗaga hannun sanda don ta kare fuska, sandar ta kuɓuce, ta kife.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Da na isa, ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta ba a ganin ta. Suna cikin kunnuwanta, suna cikin hancinta, suna rarrafe a kan fatar idonta. Na jefa bargon a kanmu mu biyu, waɗanda ke ciki suka ci gaba da aikinsu, na waje suna buga bargon kamar ana watsa tsakuwa. Na kama hammatarta zan ja. Ta ƙanƙame ƙasa da gwiwar hannu, ta tofar da wuƙar a gabana.

"Yanka tukuna."

"Yaya, za ki mutu!"

"Yanka."

Na san ta. Da na tsaya gardama da mun mutu a wurin. Na ɗauki wuƙar, na laluba wuyan ta farko a cikin duhun bargo, na yi bismillahi na ja. Jini ya feso mini a fuska da ɗumi, ya zuba a ƙirjinta. Ta biyun wuyanta ya riga ya saki, idonta ya kafe. Na yanka ta duk da haka, jini bai fito ba. Sai a lokacin Yaya ta buɗe hannunta.

Ban iya ɗaukar ta ba. Na ja ta da baya, dugaduganta suna karta ƙasa, zaninta yana kwancewa, ina faɗuwa ina tashi. Wani ƙuda ya shiga bakina ya harbe ni a dasashi, na tauna shi. A tsakiyar hanya hayaƙi ya rufe mu. Maƙwabcina ne ya haura danga da damin kara yana ci da wuta, kansa a naɗe da rawani, yana zagaya mu da shi yana zagina da harshe biyu. Wuta ta kama gefen dangar, bai ko waiwaya ba. Ya kama ƙafafunta, muka shigar da ita zaure. Mai ɗakina ta iso da tulu a kai, ta ga jini a jikinmu, ta saki tulun ya fashe.

"Wa ya sare ta? Malam, wa ya sare ta?"

"Jinin kaza ne. Nemo mai babur."

Ƙudan zuma yana barin ƙayarsa a fata in ya yi harbi. A jikin Yaya sun yi kamar ƙaiƙayi a kan masussuka. Maƙwabcina ya hana ni tsincewa da yatsa, ya ce matsawa ke ƙara dafin. Da wuƙar nan tata ya bi fuskarta da wuyanta yana kankarewa, kamar mai aski. Kafin ya gama idanunta sun rufe, leɓunanta sun juye waje. Ta yi amai, ta sake yi. Numfashinta ya koma wata ƙara siririya.

Wani ɗan kasuwa da ke da babur ya zo. Muka zaunar da ita a tsakiya, na hau baya, aka ɗaure mu ni da ita da rawanin maƙwabcina don kada ta zame. Kanta yana bugun haɓata duk inda muka faɗa rami. Na yi ta kiran ta a kunne, ina ba ta labarin banza, na Kumasi, na teku, don dai in ji ta yi ko tsaki. Ba ta yi ba.

A asibitin Dogon Dutsi suka yi mata allurai, suka rataya mata ƙarin ruwa. Numfashin ya buɗe kaɗan. Na ji babban ma'aikacin yana gaya wa abokin aikinsa da Faransanci cewa maƙogwaro ba shi ne abin tsoro yanzu ba, ƙoda ce, tsohuwa ce kuma dafin ya yi yawa. Ya ɗauka wannan tsoho mai kumburarriyar fuska ba ya ji. Na ce masa da Faransanci ya gaya mini gaskiya. Ya dube ni, sannan ya koma Hausa, wataƙila don mai ɗakina da ta biyo mu ta ji.

"Baba, ku lura da fitsarinta. In ya zo da yawa kuma ya washe, ta tsira. In ya ɗauke, sai dai a kai ta Yamai, kuma ban ce za ta kai ba."

Na farko da ta yi bai cika cokali uku ba, kuma baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta.

Kashegari da sassafe na koma gida, domin akwai abin da ba a barin maƙwabci ya yi maka. Akuyar tana kwance a turkenta, ciki ya kumbura, igiyar ta yanka wuyanta har nama. Kaji a ko'ina, a bakin akurki, a cikin murhu, ɗaya a cikin kaskon ruwansu. 'Yan tsaki sun taru a ƙarƙashin uwarsu sun mutu tare. Na tona rami bayan danga na zuba su. Biyun da na yanka suna nan inda muka bar su, kiyashi ya rufe su, rana ta riga ta ɓata su. Su ma ramin suka shiga.

Sannan na naɗe jikina na je bayan rumbu. Ƙasa a gindin akwati na farko ta jiƙe ta yi danƙo. Na ɗaga murfin da sanda. Babu saƙa ko ɗaya a rataye. Zafin kwanon ya narkar da su daga sama, suka zubo gaba ɗaya, zuma da kaki da 'ya'ya da manya suka cakuɗe a ƙasan akwatin. Gidansu ne ya rushe a kansu da tsakar rana, waɗanda suka fita suka far wa duk abin da ke numfashi. Amyar ciyawa a saman gawo ba ta yin haka, iska na ratsa ta, ganye na rufe ta. Na san wannan tun ina yaro. Na gan shi, na ajiye shi gefe, saboda na ga wani abu a bakin teku.

Na zuba musu man fetur, har da akwati na biyu da bai yi komai ba, har da na ukun da babu kowa a ciki. Da wutar ta tashi suka yi ta fitowa ta ƙofar suna ci, suna faɗuwa a ƙasa suna murɗewa. Kaki yana tafasa yana fashewa. Warin zuma da ta ƙone ya cika unguwa. Maƙwabcina yana tsaye daga nesa.

"Na biyun nan, da ka ba ni shi, da na kai shi daji," ya ce.

Na tsaya har sai da kwanon ya lanƙwashe.

Kwana uku ina zaune a kan benci a ƙofar ɗakin mata. Na yi jira a iyakoki da yawa, na taɓa kwana tara a bakin wata gada ana riƙe da takarduna, amma ban taɓa jiran abu kamar yadda na jira fitsarin yayata ba. Mai ɗakina ce ke shiga da 'yar roba ta fito. Sai ta karkato robar in gani. Rana ta biyu baƙi. Rana ta uku ja-ja, kuma kaɗan. Ma'aikacin ya fara maganar mota zuwa Yamai. Fuskar Yaya ta saɓe a wasu wurare, fatar tana ɓarewa, kunnenta na hagu yana zubar da ruwa. In an ɗaga ta sai ta yi nishi, ba ta san kowa ba.

Rana ta huɗu da hantsi mai ɗakina ta fito tana riƙe da robar da hannu biyu, tana tafiya a hankali don kada ta zuba. Ta kusa cika. Launinsa kamar ruwan kanwa. Ta tsaya a gabana tana kuka, mutane suna wucewa suna kallon tsofaffi biyu sun sunkuya a kan robar fitsari. Ma'aikacin ya leƙa ya ce, "To, madalla," ya wuce abinsa.

Na shiga. Ido ɗaya ya buɗe kaɗan, kamar tsagar wuƙa. Na zauna ta wajen kunnen da ke ji.

"Yaya."

"Wa ne ne?"

"Ni ne."

"Auta? Mi ya sami fuskarka? Ka yi muni."

"Ke ma ba ki yi kyau ba."

Ta ɗan motsa leɓe.

"Ka yanka su?"

"Na yanka. Ɗaya ta yi jini. Uwar garken ta riga ta tafi."

"Wadda ta yi jinin, an ci?"

Na yi niyyar in ce an ci. Mai ɗakina tana yi mini alama da ido daga bayan gado.

"Ba a ci ba, Yaya. Muna nan wurinki, rana ta ɓata ta. Na binne su duka. Zabi ne kawai suka dawo."

Hawaye ya fito ta tsagar idon nan ya bi ta cikin ɓawon fatar. Ba ta ce komai a kan akwatunan ba, ranar ko bayanta. Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Kunnen hagu bai ƙara ji ba, kuma bayan mun koma gida ba ta sake takawa zuwa akurki ba, sai dai a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki ta watsa wa zabi tsaba daga zaune. Ta yi damina uku a haka.

Amma a ranar, da ta gama kukanta, ta laluba ta kama hannun mai ɗakina.

"Ɗiyata, akwai fura a garin ga?"

"Akwai, Yaya."

"A dama mini da ruwa-ruwa. Shi kuma ya fita waje, zan sake yin fitsari."